Daminar da Na Kasa Durƙusa wa Surukata

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku. Akwai dabbobi a cikinta, amma ko ɗaya bai yi magana ba, domin wannan ba ƙirƙira ba ce, a jikina ta faru. Wanda kuma ya yi dariya kafin in kai ƙarshe, shi da Allah.

An yi ta ne 'yan shekaru bayan Turawa sun tattara nasu ya nasu, tun motoci na bin hannun hagu, a wani ƙauye da ke bayan Randagi, inda gona ta ƙarshe take jingine da daji.

Ni a 'yanmatancina rawa na iya. Ban iya kitso ba, ban iya saƙa ba, tuwona ma sai mai haƙuri. Amma ranar kasuwa da la'asar, in mai kalangu ya matse kalangunsa a hammata, to fili nawa ne. Ba yabon kai nake ba, shaida nake bayarwa. Ƙuguna yakan tafi gabas kafaɗata tana yamma, in sauka ƙasa har jigidata ta shafi turɓaya, in taso ba tare da na dafa komai ba. Tun ina ƙarama har aka ɗaura mini aure ban san ina da wata gaɓa wai ita ƙugu ba, saboda bai taɓa yi mini ciwo ba.

A wajen rawar nan maigidana ya gan ni, ni ma na gan shi, aka yi aure kowa na murna. Daga ranar na bar dandali, kamar yadda kowace matar aure take bari. Na tare a gidansu, inda uwarsa take. Doguwar mace ce, mijinta ya rasu, dariyarta kuwa sau biyu na taɓa gani, ɗaya ma ina zaton atishawa ce ta fasa. Ba ta da mugunta. Ba ta taɓa hana ni abinci ba, ba ta taɓa zagina ba. Doka ɗaya ce a gidanta, ita ce gaisuwa. Da safe matar ɗa za ta zo ƙofar ɗaki, ta kai gwiwa biyu ƙasa, ta zauna a kan dugaduganta, ta gaishe da kwana, ta gaishe da gajiya, ta gaishe da sanyi, ba za ta motsa ba sai an ce mata tashi. Wannan kuwa ni a wurina wasa ne. Watannin farko durƙusona har labarinsa ake yi a rafi. Surukata kuwa na ga takan ƙara mini man shanu a tuwo.

Sai damina ta kama. Maigida ya samu aikin titi, yana kwana can sansanin lebura, ba ya zuwa gida sai ranar Juma'a. Yaran gidan, waɗanda da su ke tsaron gona, an kwashe su an sa a makarantar boko. Masara ta yi goyo. Wata safiya bayan na gama gaisuwa, surukata ta ce, “Yarinyar nan, daga gobe ke ce a gona. Birai sun fara leƙe.”

Na ce, “To, Inna.”

Ku da kuka tashi a gari, kun san biri a hannun mai wasa, an sa masa riga. Wannan ba biri ba ne, bawan Allah ne da aka wulaƙanta. Biran dajinmu jajaye ne, masu dogayen ƙafafu, ba su damu da hawa itace ba, a ƙasa suke gudu kamar karnukan farauta. Suna da shugaba, wani tsoho mai guntuwar wutsiya da farin gashin baki, kamar ɗan doka da ya yi ritaya. Kuma abin da ba a gaya mini ba shi ne, waɗannan halittu ba sa tsoron mace. Namiji ko tari ya yi sun watse. Ni kuwa ranar farko na yi ihu har muryata ta dushe, tsohon nan ya karya masara, ya zauna, yana ɓarewa yana kallona. Na jefa dutse, ya matsa kamar taki ɗaya, ya ci gaba da cinsa. Na buga garwa, ya karkata kai yana saurare.

Abu ɗaya ne yake tashe su: ki ɗauki sanda, ki tattare zani, ki nufe su da gudu kamar kin haukace. To sai su tashi. Amma in kin kore su ta arewa, kafin ki juyo rabinsu sun ɓullo ta kudu.

Haka na koma mai gudu. Ni da ban taɓa gudu ba sai in an biyo ni. Daga hantsi har la'asar, in zauna a rumfar tsaro har jikina ya yi sanyi, in zabura in sheƙa, in tsallake kututture, in dawo in zube, in sake zabura. Rana ta farko na ji daɗi ma, na ce ashe gudu ƙanen rawa ne. Rana ta biyu na ji ƙafafuna sun yi nauyi. Rana ta uku na farka na ji kamar cikin dare wani ya zo ya ɗaure gaban cinyoyina da jiƙaƙƙiyar igiyar rama ta bushe a jikina. Sharaɓata ta yi tauri kamar ɗanyar gwanda. Ƙuguna kuwa, wanda ya saba zuwa duk inda kalangu ya aike shi, ya zama kamar ƙyauren da ruwan sama ya kumbura, ba ya buɗuwa ba ya rufuwa.

Na lallaɓa na je ƙofar surukata. Na fara sauka. Na kai rabi, sai jikina ya ce nan ne iyaka. Na tsaya a tsakanin sama da ƙasa, kamar kazar da ta zo yin ƙwai ta canza shawara. Daga nan na yi gaisuwata.

“Ina kwana, Inna.”

Ta dube ni daga ɗankwali har yatsa. Ta ce, “Lafiya.” Ba ta ce tashi ba, domin babu inda zan tashi daga shi.

Washegari ko rabin ban kai ba. Rana ta biyar kaina kawai na sunkuyar, ina tsaye ƙerere kamar wadda ta zo cigiyar kaza.

Yanzu za ku ce, me ya hana ki gaya mata? Ku 'ya'yan yau ne. A zamaninmu amarya ba ta ambaton abin da ke ƙasa da wuyanta a gaban uwar miji. Kai yana ciwo, wannan a faɗa. Haƙori, a faɗa. Amma in buɗe baki in ce wa matar da ta haifi mijina, “Inna, ƙuguna da cinyoyina sun ƙage,” wata shida da aure? Gara ƙasa ta tsage in shige. Ita ma ba za ta tambaye ni ba, domin babba ba ya roƙon gaisuwa. Sai ta koma yi wa akuyarta magana.

Akuyar tana ɗaure a gindin rumbu. In ta ci ciyawar da ke kusa ta ƙare, takan kai gwiwoyin gaba ƙasa ta miƙa wuya. Surukata sai ta tsaya a kanta, ta ɗaga murya yadda zan ji daga madafa.

“Sannu, 'yar albarka. Ke dabba ce, amma kin san durƙuso. Wa ya koya miki? Uwarki ta yi ƙoƙari.”

Ranar tuwona ya zo babu man shanu.

Da maigida ya dawo ranar Juma'a na gaya masa komai. Ya saurara, ya yi salati, ya ce, “Ai sai ki gaya mata.”

Na ce, “Kai ka gaya mata.”

Ya zaro ido. Shi ɗan fari ne. Uwarsa ko sunansa ba ta faɗa, in za ta ba shi abinci ma bango take yi wa magana. Ya ce, “Ni? In je gabanta in yi zancen ƙugun matata? Ke, ki ji tsoron Allah.”

“To a bar ni in mutu a tsaye.”

“Ba za ki mutu ba. Na zo da magani.”

Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan gwangwani na man zafi, wai wani direba ne ya ba shi, kuma wai direban da kansa ya ce ko ƙashin da ya karye yana jin tsoron man nan. Ya ce a shafa kaɗan. Ni kuwa na ga ciwon ba kaɗan ba ne. Da ya fita masallaci na lakace gwangwanin tas, na shafe tun daga ƙugu har idon sawu, na mayar da jigidata, na ɗaura zani.

Na yi kamar ƙirga goma. Daga nan ban san sanda na fita gidan ba. Waɗanda suka gan ni sun ce na wuce ta gaban surukata kamar iska, ban ce mata ko sannu ba, na tsallake akuya, na tsallake dangar maƙwabta, ban tsaya ba sai tsakiyar rafi, inda na zauna cikin ruwa har wuya ina kiran sunayen Allah waɗanda na sani da waɗanda nake zato.

Da na dawo jiƙe sharkaf, na tarar da ita a kan akuya.

“Ke 'yar albarka, kin ga abin da na gani? Ƙafar da take tsallake danga ita ce ba ta iya lanƙwasa. To ki gaya wa mai kunne: ranar kasuwa mai zuwa, in gwiwa ba ta taɓa ƙasa a ƙofata ba, da kaina zan raka mutum gidansu ya koyo gaisuwa.”

Maigida yana zaure yana ji. Washegari tun da sassafe ya koma aikin titi, wai ana nemansu da gaggawa.

Kada ku ɗauki wannan wasa. A mayar da yarinya gidansu saboda rashin gaisuwa, ba ita aka zaga ba, uwarta aka zaga. Uwata kuwa mace ce da ko kare ta gani a hanya sai ta yi masa sannu. Kuma ina son gidan nan. Ina son mai gidan, duk da gudun da ya yi. Kwana shida suka rage.

Gonar da ke maƙwabtaka da tamu ta wata dattijuwa ce mutuniyar Gbagyi, mu a lokacin Gwari muke cewa. Gajeriya ce, mai ƙarfi, tana ɗaukar kaya a kafaɗa irin na mutanensu, bakinta kuwa ba ya hutu. Iya nake ce mata. Ranar Asabar ta tarar da ni ina ƙoƙarin sauka gangaren rafi da baya da baya, ina riƙe da ciyawa.

Ta ajiye kayanta ta ce, “Amarya, wa kike yi wa leƙen asiri?”

“Ba kowa, Iya.”

“To me ya sa kike tafiya kamar an ba ki aron ƙafafun wani? Ko angon ne ya zo jiya?”

Na rufe fuska na fashe da kuka. Ita ba surukata ba ce, don haka na gaya mata komai, har da man zafi. Ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Da ta gama ta share hawaye ta ce, “Bari in je in gaya wa tsohuwar taki. Magana ɗaya ce.”

Na riƙe zaninta. “Iya, don Allah kar ki je. In ta ji na kai zancen gida waje, ba sai ran kasuwa ba, yau zan tafi.”

“Ku dai da kunyarku, wata rana gobara za ta kama ku ku kasa cewa wuta. To zo nan.”

Ta kai ni bukkarta ta gona. Ta dafa ruwa da wani ganye, ta tsoma tsumma tana gasa mini cinyoyi da ƙugu har suka yi ɗumi. Ta shafa man kaɗanya. Sannan ta ce in kwanta, ta ɗauko taɓarya.

Na ce, “Iya, me na yi miki?”

“Kwanta. Ba daka ki zan yi ba.”

Ta ɗora taɓaryar a gicciye a kan cinyata, ta danna da hannu biyu, tana mirginawa a hankali daga sama zuwa gwiwa, ta koma. In ta zo inda ya yi ƙulli sai ta tsaya a kai, ta ce in ja numfashi in sake. Na yi ƙara har tsuntsaye suka tashi. Ta juya ni ta yi wa sharaɓa haka. Da ta gama na miƙe, na ji kamar an sassauta igiyar nan da ƙulli ɗaya.

Ta ce, “Wannan rabi ne. Saura naki. Ke da rawa kika saba. Rawa tana kai ƙugu ko'ina, dama, hagu, sama, ƙasa. Gudu hanya ɗaya ya sani, gaba. Kin ɗauki jikin da ya saba yawon duniya kin ce ya riƙa bin layi ɗaya, kuma kina tashinsa daga zaune yana sanyi. Ai dole ya yi fushi.”

Ta nuna mini abin da zan riƙa yi. In kai gwiwa ɗaya ƙasa, ɗaya ƙafar a gaba, in tura ƙugu gaba a hankali kamar mai miƙa wa babba ƙwarya daga nesa, in tsaya haka har in ji gaban cinya yana ja, ba yana yagewa ba. In ɗora diddige a kan turmi in sunkuya. In zauna in haɗa tafin ƙafafuna, in bar gwiwoyi su sauka da kansu. In dafa itace in miƙar da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa. Ta ce kar in yi da ƙarfi, jiki ba jaki ba ne. Kuma in na dawo daga kora kar in zube a rumfa, in yi ta zagayawa har numfashi ya dawo.

“Na ƙarshe kuma,” ta ce, “rawa. Kafin ki fara gudu ki yi rawa, in kin gama ki yi rawa.”

“Iya, ni matar aure ce.”

“Birai za su kai ƙararki?”

Haka muka yi. Kullum da hantsi ta gasa, ta mirgina taɓarya, in yi miƙe-miƙena, sannan ta ɗauki garwa ta buga mini kiɗan mutanensu, ni kuma in taka a bakin gona. Ko ranar Lahadi, tana dawowa daga coci ta biyo. Ranar farko rawar tawa kamar ta tsohon raƙumi. Rana ta biyu ƙugu ya fara tuna hanya. A ƙofar surukata kuwa kullum ina ƙara sauka kaɗan, amma gwiwa ba ta kai ba, ita kuma ba ta lissafa kusa. Akuya dai tana ta shan yabo.

Wani abu kuma ya faru da ban yi zato ba. Duk sanda Iya ta fara kiɗa, sai tsohon birin nan ya fito bakin daji ya zauna a kan suri, ya ɗora hannu a gwiwa yana kallo. Wasu su jeru a bayansa. Na ce, “Iya, kin gani? Har dabbobi sun san gwana.” Na ƙara ƙaimi. Sai a rana ta uku muka gane cewa yayin da manya ke kallo ta gaba, matasansu suna can ta baya suna ɗibar masara a natse. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba.

Ana gobe kasuwa, jikina ya saku sosai. Iya ta buga garwa, na ji kiɗan ya shige ni kamar da. Na juya, na karkaɗa, na sauka ƙasa har jigida ta shafi turɓaya, na taso ban dafa komai ba. Na buɗe baki zan yi guɗa, sai na ji garwa ta yi shiru.

Na waiwaya. Surukata ce tsaye a kan hanya, da ƙwaryar fura a hannu. Ashe zuciyarta ce ta ɗan yi sanyi, ta ce bari ta kawo mini abin sha, tunda gobe za a rabu. Ta dube ni. Ta dubi Iya da garwa. Ta dubi birai a jere a kan suri. Babu akuya a wurin, don haka dole ta yi mini magana kai tsaye.

“Yarinyar nan. Ashe kina iya kaiwa ƙasa.”

“Inna...”

“Ashe ni ce ban kai biri ba.”

Iya ta ce, “Haba, uwar gida, ki tsaya ki ji.”

“Ban zo wurinki ba, maƙwabciya.”

Ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a ƙasa don ta gyara mayafi ta juya. Ƙwaryar nan ta uwarta ce, an ɗinke ta wuri uku, ko ni ba a yarda in wanke ta ba. Ban ga sanda tsohon birin ya sauko daga suri ba. Sai dai na ga ja ya gilma. Ya tsoma baki ya sha, ya ga abin ya yi masa, ya rungumi ƙwaryar da hannu ɗaya, ya kama hanya da ƙafa uku.

Na ɗauki sanda zan bi, sai na ji an fizge sandar daga hannuna. Jama'a, na ga gudu a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Matar da ko kiran salla ba ya sa ta sauri, ta tattare zani har gwiwa, mayafi ya tafi nasa wuri, tana tsallake kututture tana faɗin, “Ajiye! Ajiye, ɗan banza, ta uwata ce!” Ya yi arewa, ta yi arewa. Ya karya kudu, ta karya kudu. Suka zagaya gonar sau uku, mu muna tsaye baki buɗe. A zagaye na huɗu ya gaji da nauyi, ya dire ƙwaryar a kan suri, ya lashe gashin bakinsa, ya shige daji.

Ta ɗauki abarta, ta duba ɗinki, ta zube a rumfata tana haki. Iya ta ce, “Uwar gida, kar ki zauna, ki ɗan zagaya tukuna.” Ko kallonta ba ta yi ba. Ta zauna har jikinta ya yi sanyi, sannan ta tashi ta tafi gida. Iya ta bi ta da kallo ta ce, “Amarya, in za ki tafi, ki tafi da man kaɗanyan nan.”

Gari ya waye, ranar kasuwa. Na ɗaure 'yan kayana a zani, domin ban san yadda za ta kaya ba. Na yi miƙe-miƙena a bayan ɗaki. Na zo ƙofarta na yi sallama. Na sauka a hankali, gwiwa ta dama ta taɓa ƙasa, ta hagu ta bi, na zauna a kan dugadugaina.

“Ina kwana, Inna. Ina gajiya. Yaya sanyi.”

Can na ji murya daga ciki. “Shigo.”

Ban taɓa shiga ɗakinta da safe ba. Na same ta a bakin gado, hannu ɗaya a bango, ɗaya a gwiwa. Ba a zaune take ba, ba a tsaye take ba. Tana tsakanin sama da ƙasa. Na san wurin nan, na yi kwanaki a cikinsa.

Na sake durƙusawa, na sunkuyar da kai, domin bai kamata in ga abin da nake gani ba. Akuya tana kuka a waje.

Ta ce, tana kallon bango, “Yarinyar nan. Wannan abin. Haka yake yi?”

Na ce, ina kallon ƙasa, “Haka yake yi, Inna.”

“Tun yaushe?”

“Tun kwana uku da fara gona.”

Sannan ta ce, “Yakan wuce?”

“Yana wucewa, Inna. Amma sai an yi masa abin.”

“Wane abin?”

“Ruwan zafi, da mai. Da taɓarya.”

“Taɓarya.”

“E, Inna.”

Ta ja dogon numfashi. Ta ce, “Tashi. Ki rufe ƙofar gida. Ki juya akuyar nan ta kalli rumbu.”

Na dafa ruwa, na gasa, na shafa, na mirgina, fuskata a gefe, ita ma tata a gefe. Ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba, sai dai duk sanda na zo kan ƙulli takan yi salati da wata siririyar murya da ban san tana da ita ba. Na nuna mata na gwiwa ɗaya, na nuna mata na turmi. Da muka gama ta samu ta zauna sosai, ta ce, “Shi ke nan?”

Na ce, “Saura ɗaya, Inna. Wanda kika gani jiya.”

Ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na zo gidan. Ta ce, “Wannan sai jibi. Kuma babu garwa.” Ta hangi ƙunshin kayana a tsakar gida ta ce, “Wancan wankin wa ye? Mayar da shi ɗaki.”

Da rana tuwona ya zo, man shanu har yana kwarara.

Jibin ya zo, kuma an yi, a bayan rumbu, ni ina tafi a hankali ina kallon sama. Abin da na gani da gefen ido ba zan faɗa ba, amanar mamaciya ce. Zan dai ce kafaɗar hagun nan ba ranar ta fara koyo ba.

Masara kuwa, rabi muka samu, birai suka samu rabi.

Surukata ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, a hannuna ta cika, kuma har ta koma ga Allah ni da ita ba mu taɓa kiran gaɓar nan da sunanta ba, “abin” muke cewa. Maigida ya dawo Juma'ar nan ya tarar da gida lafiya, ya ce ai daman ya san man direba ba ya ƙarya, kuma da wannan imani ya rayu har ya tsufa, ban taɓa gyara masa ba. Iya ta koma wurin ɗanta a Kazage, ta bar mini taɓaryar, ga ta can a bayan ƙofa, kada wanda ya daka mini barkono da ita. Akuyar an daina yabonta, ta rame, aka yanka ta da babbar salla. Tsohon birin ya ƙara damina biyu yana zuwa, ya zauna a kan suri yana jira, daga nan ba a sake ganinsa ba. Ni kuwa ga ni, haƙora sun tafi, ido ya yi rauni, amma gwiwa tana kaiwa ƙasa har yau. Tashin ne sai an kama ni. Nan ta tsaya, wani ya miƙo hannu.